Retsanga Mai Dashen Ƙaya

Ba a kiran mamaci da sunansa a wajenmu. Amma ni, Pelasoa, taubashiyar Retsanga ce, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, tun muna yawo ba zane nake tsokanarsa, don haka mutuwa ba za ta kama mini baki a kansa ba. Uban nasa kuwa Kawu kawai zan ce, iyakar abin da aka yardar mini ke nan.

Mu Tanalana ne, mutanen rairayin kudancin Madagaska, tsakanin teku da tudun duwatsu. A ƙauyenmu Ankilimena aka haifi Retsanga, kuma bai taɓa nisa da shi ba in ban da wata tafiya Toliara da ya yi, ya dawo yana cewa garin wari yake yi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, magana tana yi masa wuya. Ni kuwa ina da ta mutum biyu, sai muka zo daidai.

Tun yana saurayi aikinsa samata, wata itaciya mai ƙaya da ke fitowa a rairayinmu. Da zarar ciyawa ta ƙone, ita ce abincin shanunmu, ita ce kuma rabin ruwan shansu. Sai dai saniya ba ta iya cin ta a tsaye, don ba ganye ko ɗaya a jikinta, rassa ne masu launin toka da suka cukurkuɗe, kowanne ya ƙare da tsini. Sai an sare reshe, an ja shi inuwa, an ɗora a kan kututture an daddatsa ƙanana da adda. Duk sara ɗaya farin nono ne yake tsartuwa. Ya taɓa fata ta tashi, ya shiga ido mutum ya yi kwanaki yana ganin wuta. Shi ya sa Retsanga ya saba da datsa yana karkata kai gefe, ido ɗaya a kanne, har abin ya bi masa jiki, ko gaisuwa zai yi da mutum ta gefe yake dubansa. Na sa masa suna Kallon-Kaza, sunan ya bi shi har tsufa.

Kawu ne ya koya masa sara. A ɗebi gefe guda a bar gefe guda, kada a taɓa kan itacen, sannan a ba ta damina biyu ta murmure. Kawu mutum ne mai tsanani, mai jan ƙafar hagu tun da wani bijimi ya take shi, kuma duk rayuwarsa a kan garkensa ta ƙare. Bai sa sutura mai kyau ba, bai ci nama ba sai a gidan makoki, duk don rana ɗaya. Mutum da shanunsa yake shiga wurin kakanni. A yanka su a bakin kushewarsa, a jera ƙahoninsu a kan duwatsu, ya kora su a gabansa. Wanda ya je hannu rabbana ba a buɗe masa shinge, sai ya yi ta tafiya.

Kawu ya rasu a farkon rani, bayan wata damina da ba ta yi abin kirki ba. Aka sa shi a rarakakken kututture, aka liƙe, aka ajiye a rumfa ƙarƙashin tsamiyar bayan gari, kafin a gama ginin kushewa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta shiga ɗakinsa zaman takaba. Ba kitso, ba wanka, ba leƙa waje, ba a kai mata labarin komai, har ranar da za a rufe shi. Garken ya koma hannun Retsanga, shi ne babban ɗa. Aikinsa ɗaya ne, ya riƙe shanun nan da rai har ranar.

To, damina ta gaba ba ta zo ba sam. Iskar kudu ta taso tana kwasar yashi tana zubawa a gonaki. Mutanen kan tudu suka gangaro da garkunansu, kuma su ba su san gefe da gefe ba, kai suke fillewa. Kafin a ankara, duk samatar da ke tsakaninmu da teku ta zama guntayen kututtura, nono ya bushe musu a baki. Ginin kushewa kuma ya tsaya cik, don shanun da za su ja amalanken duwatsu ba su iya jan kansu. Ga gawa tana jira, ga tsohuwa a kulle, ga shanu suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kwanta kuwa ba ta ƙara tashi. Retsanga yakan fita da sassafe da gatari, ya dawo da yamma da ɗan dami wanda bai isa maruƙa ba. Mu mutane tsamiya muke dakawa da toka muna lasa.

Akwai wuri ɗaya da samata ta rage, kowa ya san shi, ba mai ambatonsa. Hurumin tsofaffin kakanni ne, can gabas da gari, inda kusheyin da ba a ma tuna masu su ba suke. Ba a taɓa sa gatari a wurin ba. Itatuwan sun wuce tsayin ɗaki, rassan sama sun yi kauri sun cika da ruwa, har ƙayarsu ta dushe don tsufa. Ko busasshen reshe ya faɗo, a nan yake ruɓewa.

Wata rana da tsakar rana, lokacin da kowa ya laɓe a inuwa, ina dawowa daga tonon ruwa sai na ji sara ta wajen hurumi. Tun ban ga mai yi ba na san hannun. Na same shi tsaye a bakin duwatsun iyaka, ya miƙa gatari yana saran rassan da suka leƙo waje.

Na ce, "Kallon-Kaza, haukan naka har ya kawo nan?"

Ya ce, "Dubi ƙafata. Ban taka ciki ba. Abin da ya tsallako iyaka na masu rai ne."

"Saiwar fa, a gefen wa take shan ruwa?"

Ya ɗaure daminsa ya saɓa, nono yana bin bayansa, ya wuce ni kamar bai san ni ba. Ba rashin kunya ba ne. Ya zauna ne ya yi tunani irin na mai yunwa, ya auna iyaka da ido, ya ga hujja, ya riƙe ta da hannu biyu.

Ba sai wani ya kai ƙararsa ba, shanun da kansu suka tona shi. Na kowa suna zubewa, na Kawu tozo ya fara miƙewa, gashi yana sheƙi. Daga nan suka tsiro da wata ɗabi'a. In an buɗe musu shinge da safe, maimakon su nufi rijiya, sai su yi gabas a jere, ba mai kora, su je bakin hurumi su tsaya. Ba sa kuka, ba sa tuƙa, ko jela ba sa kaɗawa. A doke su a mayar, gobe su koma. Masu wayo suka ce ai ƙanshin abinci suke bi, jira suke a datsa musu. Wataƙila. Amma ni na tsaya kusa da su na gani da idona, ba itatuwan suke kallo ba, duwatsun suke kallo.

Babban tsohonmu, yayan Kawu, shi ne mai riƙe da turken da zuriyarmu ke yi wa kakanni yanka a gindinsa, maganarsa ce ta ƙarshe a kan irin wannan. Ya tara maza a gindin turken, mu mata muna daga baya. Retsanga bai yi musu ba. Ya faɗi abin da ya yi, ya maimaita zancen iyaka da ƙafarsa da ba ta taka ciki ba. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce shanun sun ci abincin tsofaffi, tsofaffi kuma sun ɗora hannu a kansu, ga shi kullum suna zuwa gaishe da masu su. Ba zai aika wa ƙanensa da dabbar da aka riga aka karɓa ba.

Retsanga ya ce, "Baffa, ko guda ɗaya?"

Ya ce, "Wacce ce a cikinsu ba ta ci ba?"

A bakin hurumi aka yanka su duka. Baƙi da mutanen tudu suka kwashe naman, mu jinin Kawu ba mu ɗanɗana ba, duk da yunwar da ke cinmu. Ƙahonin aka miƙa su ciki, kan kusheyin da ba mu san sunan masu su ba. Da kyar aka ƙarasa ginin Kawu, maza suna ɗaukar duwatsu a kafaɗa, aka rufe shi a sabuwar makabarta da ke hanyar teku. Ba wanda yake da dabbar da zai ba da a shekarar nan, ko akuya.

A ranar aka fito da Inna, aka cinna wa ɗakin mamaci wuta kamar yadda ake yi. Ta fito tana kare ido da hannu, gashi a cuɗe, ta rame har ba a gane ta. Aka riƙe ta zuwa inda za ta hango kushewar mijinta daga nesa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo ga ɗanta, a hankali, kamar mai tambayar inda aka ajiye ludayi, ta ce, "Ina ƙahonin?" Ba wanda ya gaya mata komai duk watannin nan. Retsanga ya durƙusa a yashi, ita kuwa ta ci gaba da jiran amsa.

Kushewa in an rufe ta ba a komawa, sai da wata gawar. Ba a zuwa daga baya a ce an manta kaza an kawo. Retsanga ya san wannan, ya kuma san cewa gawar da za ta sake buɗe masa hanyar wajen ubansa tasa ce, don babban ɗa a gefen uba ake kwantar da shi.

Da ruwa ya dawo sai muka ga ya killace wani fako a bayan gari yana kafa rassan samata a ƙasa. A lokacin ba wanda yake dasa ta. Abu ne da Mahalicci yake shukawa, kamar yashi da iska. Gari ya samu abin dariya, ni ce kan gaba. Nakan tsaya a bakin shingen in tambaye shi yaushe za a yi girbin ƙaya a kawo mini nawa rabon. Dashen farko duk ya ruɓe, don ya kafa su ɗanye shakaf, yana kuma ɗauko ruwa yana zuba musu don tausayi. Sai a hankali ya gane halinta. Ana sare reshe a jingine shi a inuwa har nonon ya tsaya, bakin saran ya bushe ya rufe, sannan a tura shi cikin busasshen yashi a juya masa baya. Ba ta son lele. Abin da take buƙata kawai a tsare ta daga awaki kafin ta yi ƙaya, ƙaramar kuwa in ta yi, ta fi babba mugun tsini. Ya san wacce ce mace mai 'ya'ya, wanne ne namiji, ya san wadda aka sara bara da wadda ke hutu, ko da bai sa alama ba.

Ya yi wa mutane kiwo har ya samu karsana, karsana ta zama garke. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, matarsa ta yi mita har ta gaji, don mutumin nan ba ya sayarwa, ba ya yankawa, ko ranar da ciwo ya kwantar da ita kaji ya kama. Na sha zaginsa a kan haka, kuma har yanzu ina ganin bai kyauta mata ba. Yau kowa a Ankilimena yana da shingen samatarsa, ba mai dariya, amma Retsanga bai taɓa nuna ya damu da wanda ya kwaikwaye shi ba. Ba don mu yake yi ba.

Wata rana na kai masa ruwa gonar, rana tana tsaka, yana datsa. Sai ya dakata, adda a sama, ya karkata kai.

"Kin ji?"

"Me zan ji, ban da kukan cikinka?"

"Baba ne. Yanzu ya wuce ta bayan shinge."

Ya ce ba kullum ba ne, amma in rana ta take, iska ta kwanta, yakan ji takun mutum a yashi, ɗaya da nauyi ɗaya ana ja. Ba ya tsayawa, ba ya magana, ba ya neman komai. Wucewa kawai yake yi, ya yi kudu, wani lokaci ya dawo ya yi arewa. Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin maƙwabci ya tafi kasuwa. Ni ban ji komai ba, kuma na gaya masa nonon samata ne ya bi ta ido ya shiga ƙwaƙwalwa. Amma daga ranar na daina zuwa gonar da tsakar rana.

Nonon kuwa ya ci idon, ba a rana ɗaya ba. Na hagu ya fara yin fari, na dama ya bi shi. Bai ajiye adda ba. Da laluben hannu yake datsa, yatsunsa duk tabo, kuma bai taɓa saran kansa ba. Tun yana da sauran gani ya sa 'ya'yansa suna ɗauko duwatsu da amalanke duk kaka, suna tarawa a bakin hanyar teku, don kada a sake tsayawa jiran gini. Tarin ya yi girma har matafiya suna kwatance da shi.

Mun tsufa, haƙorana sun zube, sai babban fari ya sake dawowa. Damina ta wuce ba ruwa, ta biyun ma haka. Gonar Retsanga ta riƙe garkensa bayan na kowa ya faɗi, gefe da gefe yake sa a ɗiba, ba a taɓa kai. Amma samata ma tana da iyaka, in ba ta sha ba ba ta tohowa. Kullum da safe babban ɗansa Fanampe, wanda shi ma ya fara furfura, yakan riƙe masa sanda su zaga gonar, yana shafa itatuwan ɗaya bayan ɗaya, sannan su shiga garke ya shafa haƙarƙarin shanu. Hannunsa ya gaya masa abin da ido zai gaya wa wani. Abincin ya kusa ƙarewa, shi kuwa lafiyarsa lau, ko tari ba ya yi.

Sai aka lura in an kawo masa akushi yakan tura wa jikoki, ya ce ya ƙoshi. A shekarar yunwa tsofaffi suna yin haka, ba wanda ya kawo komai a ransa da farko. Ni ce na kawo. Na dafa busasshen rogon da na ɓoye, na je na dangwara masa a gaba.

"Ci, mummuna."

"Pelasoa, ke ce? Da ma na ji kaji sun watse."

"Na ce ka ci."

Ya lalubo akushin, ya shinshina, ya turo mini shi a hankali. Ya ce, "Samata ta kusa ƙarewa. In na ci, shanun za su riga ni mutuwa."

Na zage shi tas, zagin gaske, ba na wasa ba. Na ce masa uban nasa ya daɗe da zama ƙasa, ba wanda yake yawo a bayan shinge sai ƙadangaru. Na yi kuka, abin da ban taɓa yi a gabansa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ba yaran rogon tun da zafinsa. Fanampe ya roƙe shi, matarsa ta roƙe shi. Yakan kurɓi ruwa don ya sallame su. Bai daɗe ba, jikin da ya yi shekaru yana cin tsamiya da toka ba shi da ajiya.

Da ya cika, shanun suna tsaye da ƙafafunsu, ramammu amma da rai. Duwatsu kuma suna nan a tare, gini bai ɗauki lokaci ba. Sai a jajiberin rufewa Fanampe ya zo ya same ni, ya zauna a ƙasa, ya gaya mini wasiyyar da ubansa ya bari. Ƙahonin duka a kan kushewar kakansa za a jera, ba a ta Retsanga ba. Ya ce ya roƙe shi ya bar wa kansa ko maraƙi ɗaya, ya ƙi, ya ce shi kiwo kawai aka ba shi, garken na mai shi ne tun ranar hurumi. Fanampe ya tambaye ni ko akwai dabara, ko a saci guda a ɗora masa. Na ce masa ubansa ya taɓa neman dabara a bakin iyaka sau ɗaya, ya ga inda ta kai mu.

Aka yanka su. An yini ana yanka, garuruwa suka ci nama a tsakiyar yunwa. Aka jera ƙahoni a kan Kawu har ba a ganin dutse, wasu a kan wasu, suna kallon sama. A gefensa ga sabon gini, fari fat, ba komai a kai.

Abu na ƙarshe da ake yi kafin a watse aikin taubashi ne. Shi yake tashi ya zagi mamaci a gaban kowa, ya yi masa tas, don ya ji haushin masu rai ya kama gabansa, kada kewa ta dawo da shi gida. Yawanci a nan ake dariya, masu kuka su share hawaye. An san bakina, mutane har sun fara gyara tsayuwa. Na dogara sanda na matsa gaban duwatsun, na nemi duk abin da na tanada, ya gudu.

Na ce, "Tashi ka kama hanya, Kallon-Kaza. Matsiyaci. Ka yi kiwo har ka makance, ko jelar maraƙi ba ka tafi da ita ba. Kada ka biyo ta gida, ba abin da ka bari."

Ba wanda ya yi dariya. Fanampe ya zo ya kama hannuna muka juya. Ba a waiwaye a hanyar nan, ban kuwa waiwaya ba. Rana tana tsaka, iska ta kwanta, na yi ta jan Fanampe ina cewa ya rage sauri, ya taka a hankali, don in ji ko akwai taku a bayanmu.